Ladan buɗe sef: abin da ake saye da kuɗin

A sana'armu ta makulli ba aikin da ke jawo cacar baki kan kuɗi kamar buɗe sef. Mai yankan makulli a bakin kasuwa kowa ya san farashinsa, canjin kubar ƙofa ma haka. Sef kuwa, akwatin ƙarfen nan da ɗan kasuwar hatsi a Mai'adua ko mai POS a cikin garin Daura ko manajan gidan mai a hanyar Kwangwalam ke kwana da kuɗinsa a ciki, ranar da ya ƙi buɗuwa mai shi yakan kira waya ransa a ɓace, tambayarsa ɗaya: "Malam, nawa za ka buɗe?" Idan aka ce sai an gani, sai ya ɗauka ana so a auna aljihunsa ne. Ra'ayina shi ne mutane na auna wannan aiki da ma'aunin da ba nasa ba. Suna lissafa mintocin da aka ɗauka da gumin da aka zubar, alhali abin da ya kamata a duba shi ne abin da ya tsira bayan an buɗe: kuɗi da takardun da ke ciki, da shi kansa akwatin, ko zai sake kulluwa gobe.

Dalilin da ya sa farashi ba ya faɗuwa ta waya shi ne sunan sef ya haɗa abubuwa da ba su da dangantaka sai ta kamanni. Akwai ƙaramin akwati mai madannan lambobi irin na ɗakin otal, wanda jikinsa faranti ne siriri, kuma yawancin matsalarsa batir ne ya mutu an kuma jefar da makullin ko-ta-kwana, ko an kulle shi a ciki. Akwai wanda aka yi don jure gobara: yana da kauri da nauyi, amma kaurin na cikon siminti ne tsakanin faranti biyu, don haka wuta yake tarewa fiye da ɓarawo. Sai wanda aka yi takanas don ɓarawo. Shi wannan yana zuwa da shaidar gwaji a bayan ƙofa. A Amurka alamar TL-15 ko TL-30 na nufin ƙwararrun masu gwaji sun far wa ƙofar da kayan aiki, ta jure minti 15 ko 30 na aiki zalla, ban da lokacin canza kayan aiki. A Turai ƙa'idar EN 1143-1 ce ke raba su mataki-mataki. Mai shago ba laifinsa ba ne idan bai san wannan ba, sau da yawa kwance ya saya, ko ya gada daga mahaifinsa tun zamanin cinikin gyaɗa. Amma wanda ya yanke kuɗi bai ga hoton ƙofar da sunan kamfani da irin makullin ba, ko dai ya cuci kansa, ko yana shirin ƙara kuɗi bayan an riga an huda.

Mafi tsabtar hanya ita ce a buɗe ba tare da an taɓa ƙarfen ba. A sef mai juyawa, bayan lambobin nan akwai faifai uku, kowane da tsaga ɗaya, kuma sakata ba ta sakin ƙofa sai tsagogin uku sun jeru. Idan lambobin 100 ne, haɗuwarsu a lissafi ta kai miliyan ɗaya, saboda haka canki-canki ba ya aiki. Mai sana'a yana zama ne a gaban ƙofar da takarda da fensir, yana juyawa a hankali, yana jin inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe a yatsunsa, yana rubuta bambancin da bai kai rabin lamba ba, har zanen da ke kan takardar ya nuna masa inda tsaga take. Wani lokaci awa ɗaya, wani lokaci yini, wani makullin kuma an ƙera shi yadda wannan dabara ba ta cinsa sam. Ƙurar hunturu da baƙin man da mutane ke ɗurawa da sunan gyara suna ƙara dagula abin, domin suna danƙare faifan. Buɗe makulli da gwaninta ba tare da an lalata shi ba, ba sabon abu ba ne. A 1851, a Landan, wani Ba'amurke mai suna Alfred Hobbs ya buɗe kwaɗon kamfanin Bramah da ya yi gomman shekaru a tagar shago ana cika baki da shi. Sa'o'i 51 ya kwashe cikin kwana 16, aka biya shi ladan da aka sa, wanda ya kai fam 210. Ba wanda ya ce a biya shi kuɗin yinin lebura.

Nan ne ƙorafi na farko ke shigowa, kuma shi ne ya fi yawa: ya buɗe cikin minti goma, me ya yi da zai karɓi wannan kuɗi? Amsar ita ce in da lokaci ake biya, da wanda bai iya ba shi zai fi kowa samu, wanda ya iya kuma da ya koyi jan aiki yana wayancewa. Minti goman nan shekarun koyo ne da makullan da aka lalata a shago ana gwaji. Duk da haka ƙorafin yana da gaskiya a wuri ɗaya. Idan batir ne kawai, ko hannun ƙofa ne ya sake, wannan aiki ne ƙarami, kuma mai sana'ar da ya ɓoye haka ya yi ta ƙwanƙwase-ƙwanƙwase don a ga ya wahala, ha'inci ya yi. Saurin da ya fito daga gwaninta daban, saurin da ya fito daga sauƙin matsala daban, kuma mai kaya yana da haƙƙin a gaya masa wanne ne.

Ƙorafi na biyu shi ne mai walda zai yi da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin. Zai yi, a wani akwatin. Sai dai injin yankan ƙarfe tartsatsi yake fesawa ciki, inda takardun filaye da na gida da damin naira suke, wutar gas kuma ba sai an faɗa ba. Takardar naira da ta ƙone rabi wataƙila banki ya duba, takardar shaidar gona da dagaci da shaidu suka sa wa hannu shekara arba'in da suka wuce, yawancinsu sun rasu, ba inda za a je a sake ta. Sannan sef na gaske yana da tarko. A bayan makullin akwai farantin ƙarfe mai taurin da ke cinye bakin injin huda, wasu kuma akwai gilashi da aka ɗaura wa waya. Da an huda ba daidai ba ko an maka guduma, gilashin ya tarwatse, wata ɓoyayyiyar sakata ta faɗa ta riƙe ƙofar, ta yadda ko lambar gaskiya aka samo daga baya ba za ta buɗe ba. Shi ya sa sef ɗin da aka riga aka taɓa ya fi wanda ba a taɓa ba tsada, kuma ba fushi ne ke sa mu ƙara kuɗin ba. Hudar ƙwararre rami ɗaya ce da ba ta fi kaurin fensir ba, a wurin da aka auna, a zura ɗan madubin leƙe, a buɗe, a toshe ramin da ƙarfe mai tauri, a sa sabon makulli. Wanda ya ƙi wannan saboda tsada, ya haɗa kuɗin mai walda da kuɗin sabon sef da na ɗauko shi daga Kano kafin ya yanke hukunci. Araha ba ta ado.

Akwai kuɗin da wurin zama ke jawowa. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce, Daura da Mai'adua da Zango da Sandamu da Baure, kuma sef ba abin da ake ɗorawa a babur a kawo shago ba ne, mai aiki ne ke zuwa da janareta da kayansa. Bakunan huda masu cin ƙarfe mai tauri da makullan canji daga Kano ko Legas ake samo su, can ma daga waje suka zo da dala, kuma tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin hanya ya zama babban kaso na kowane aiki. Ƙofar taskar banki kuwa wani babi ne: makullai biyu a hannun mutum biyu, wani lokaci da agogon da ke hana buɗewa sai lokacinsa ya cika, kuma bankuna suna da kamfanonin da suka yi kwangila da su. Duk wanda ya ce zai yi ta a farashin sef ɗin shago bai san me yake faɗa ba.

Abin da ba a cika sa wa a lissafi ba shi ne amana. Mai buɗe sef yana iya zama hannun ɓarawo bai sani ba. Yaron shago kan ce maigida ne ya aiko shi, ɗaya daga cikin magada kan so ya riga 'yan uwansa ganin abin da marigayi ya bari. Don haka neman rasiti, ko kasancewar mai unguwa, ko takardar kotun shari'a idan maganar gado ce, da sharaɗin a buɗe gaban shaidu mai aiki ya koma gefe kafin a taɓa komai, duk ɓangare ne na aikin. Yana cin lokaci, wani lokaci zuwa biyu, kuma mai sana'a ne za a fara nema idan zance ya je ofishin 'yan sanda.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa ana cin moriyar halin da mutum ke ciki: ranar Lahadi ce, kasuwar Mai'adua na ci, kuɗin sayen kaya na kulle, masu iya aikin ba su da yawa, duk abin da aka faɗa sai ya biya. Wannan yana faruwa, kuma tsawon bayanin da na yi ba ya wanke shi. Maganinsa yana cikin abin da malamanmu suka daɗe suna karantarwa a babin ciniki na Risala: lada dole a san shi kafin a fara aiki, kuma a jinga irin ta ju'ala ba a biya sai aikin ya kammala. A aikace, mai kaya ya nemi a raba masa kuɗin gida-gida a takarda: kuɗin zuwa da dubawa, wanda ake biya ko an buɗe ko ba a buɗe ba, kuɗin buɗewa ba huda, kuɗin da zai zama idan sai an huda, tare da izininsa kafin injin ya taɓa ƙofa, sai kuɗin toshe rami da sabon makulli. Ya tambaya kuma wa zai ɗauki asara idan tarkon ya faɗa a hannun mai aiki. Bayan an buɗe, shi da kansa zai sa sabuwar lamba, mai aiki ya juya baya, a gwada kullewa da buɗewa sau uku ƙofa na buɗe, sannan a rufe a biya ragowar kuɗin.