Idan Kakanka Ya Je Yaƙin Bama

Don gano tarihinsa, fara da tsofaffin gida tun suna raye, musamman mata, domin su ne ke riƙe da labarin ranar da ya tafi da halin da ya dawo. Ka naɗi muryarsu a waya.

Sai ka buɗe tsohuwar adakarsa ka nemi takardar sallama. Lambarsa ta soja da ke ciki ta fi komai amfani, saboda da yawa an ɗauke su da sunan gari, Musa Kano ko Garba Katsina, kuma masu irin sunan ba su ƙirguwa. Idan takardar ta nuna runduna ta 81, ka bi labarin kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944. Idan ta 82 ce, ka duba Arakan da kama Myohaung a Janairun 1945.

Wanda bai dawo ba, a nemi sunansa a rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, wadda ake dubawa kyauta a intanet. Ka leƙa gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Abin da aka ji a baki kuwa, a rubuta shi daban da abin da takarda ta tabbatar.