Hannun jarin Apple a waya: a riƙe shi ko a riƙa juya shi?

Da ƙarfe biyu da rabi na rana agogon Najeriya ake buɗe kasuwar hannun jari ta Amurka, ko uku da rabi idan sun sauya agogo a lokacin hunturu. A wannan lokacin, matashin da ke zaune a shagon cajin waya a bakin titin Kaduna zuwa Zariya a Rigachikun zai iya buɗe manhaja irin su Bamboo ko Trove ya sayi hannun jarin Apple, kamfanin da ke ƙera kwamfutar Mac da wayar iPhone. Ba lallai ne ya sayi cikakken hannu ɗaya ba, ana sayar da ɗan yanki. Bayan ya saya, hanya biyu ce a gabansa: ya riƙa sayarwa yana sake saye duk lokacin da farashi ya motsa, ko ya riƙe tsawon shekaru.

Matsalar mai juyawa ta farko ita ce kuɗin hidima. A ɗauka manhaja na cire kashi 1.5 cikin 100 a kowane saye, haka kuma a kowace sayarwa. Wanda ya shiga da dala 100 ya saya ya sayar sau goma, ko da farashin bai ɗaga ko sisi ba, zai tarar saura kusan dala 74. Kafin nan ma ya riga ya yi asarar wani abu wajen canza naira zuwa dala, kuma zai sake yi a ranar cirewa. Kenan kowane juyi sai farashi ya tashi da kusan kashi uku kafin uwar kuɗinsa ta dawo, kuma sai ya dace da hakan a kai a kai.

Masu bincike biyu a Amurka, Brad Barber da Terrance Odean, sun bi asusun gidaje sama da 66,000 daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa sun samu ribar kashi 11.4 a shekara, alhali kasuwar ta ba da kashi 17.9. Abin da masu nuna hoton riba a TikTok ba sa faɗa shi ne, a ɗaya ɓangaren cinikin akwai manyan kamfanoni masu kwamfutocin da ke saye da sayarwa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Mai fama da netwok da ɗauke wuta ba zai riga su ba.

Mai riƙewa kuwa tarihin Apple na gefensa. Kamfanin ya shiga kasuwa ranar 12 ga Disamba 1980 a kan dala 22. An rarraba hannun jarinsa sau biyar, na ƙarshe a 2020, har hannu ɗaya na wancan lokaci ya zama 224. Da farashi ya haura dala 200 a 2024, waccan dala 22 ta zarce dala 44,000.

Sai dai ana faɗin wannan lissafi kamar an samu kuɗin a kwance. A 1997 Apple ya kusa durƙushewa, har abokin hamayyarsa Microsoft ya zuba masa dala miliyan 150. Ranar 29 ga Satumba 2000 farashinsa ya faɗi da fiye da rabi a yini guda, kuma an kwashe kimanin shekara huɗu kafin ya koma inda yake. Wanda ya zuba kuɗin haya ko na makaranta dole ya sayar da asara tun kafin lokacin. Akwai kuma kamfanonin kwamfuta da haƙuri bai ceci masu su ba: Commodore ya karye a 1994, Compaq kuma HP ta haɗiye shi a 2002. An fi tuna Apple ne don shi ya tsira. Shi ya sa bai dace mutum ya jibge duk ajiyarsa a kamfani ɗaya ba, komai son da yake wa wayarsa.

Ɗan Najeriya yana da nasa ƙarin lissafin. Kafin Yunin 2023 dala na kusan naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta wuce 1,500, don haka wanda ya riƙe jarinsa a dala ya ga ya ninka a naira. Idan naira ta farfaɗo, abin juyawa yake yi. Amurka na cire kashi 30 daga ribar da kamfani ke raba wa mazaunin Najeriya. A Agustan 2021 kuma kotu ta rufe asusun bankin wasu daga cikin waɗannan manhajoji na wani lokaci bisa buƙatar Babban Bankin Najeriya.

Kafin a zuba ko naira ɗaya, a duba ko manhajar na da rajista da hukumar SEC, a karanta nawa take cirewa a saye da sayarwa da cire kuɗi. A kuma tabbatar ainihin hannun jari ake saye. Wasu manhajojin caca ce kawai kan motsin farashi, da bashi mai ruwa a ciki, kuma faɗuwar yini ɗaya na iya share asusun gaba ɗaya.