Darasin Kimiyya: Yadda Mota Ke Ƙwace wa Direba a Kan Santsi

Ɗalibai, kowa ya buɗe tafin hannunsa ya duba. Faɗin da kuke gani, kusan shi ne faɗin wurin da tayar ƙaramar mota take taɓa ƙasa. Taya huɗu, tafin hannu huɗu ke nan. Mota mai nauyin sama da tan ɗaya, ga fasinja ga kaya, a kan waɗannan 'yan wurare ta dogara. Sitiyari da birki da totur, babu wanda umarninsa ke isa ƙasa sai ta nan.

Shekaranjiya ɗayanku ya nuna mini bidiyo a waya. Motar tsere ce a Turai, dusar ƙanƙara ta rufe titi, direba ya taka totur a kwana, sai bayan motar ya juyo gaba ta je ta daki ƙarfen gefen hanya. Ya ce, "Malam, mu dai Allah Ya raba mu da wannan." Na ce ya bari Agusta ta yi, a kwana ana ruwa, ya bi ɗaya daga cikin hanyoyin burji masu shiga gonakin Dabai ko Tandama. Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Danja, amma muna da 'yar'uwarta, wato laka.

Abin da ke riƙe taya da ƙasa sunansa gogayya. Kun san ta ko ba ku san sunanta ba. Wanda ya taɓa taka simintin bakin rijiya da silifas bayan an zubar da ruwan omo ya ji yadda rashinta yake a ƙugunsa. Masana suna auna ƙarfin riƙon da lamba. Taya a kan busasshiyar kwalta kimanin 0.7 ce, a kan jiƙaƙƙiya kimanin 0.4, a kan dusar ƙanƙara kimanin 0.2, a kan daskararriyar ƙanƙara kuwa 0.1. Lakar fadamarmu mai yauƙi ba ta da nisa da dusar.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Nisan da mota ke ci bayan an taka birki shi ne gudu sau gudu, a raba da 2 sau lambar riƙo sau 9.8. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 16.7 a kowace daƙiƙa. A busasshiyar kwalta za ta tsaya cikin mita 20. A jiƙaƙƙiya, kusan 36. A kan dusa ko laka, 71. Ku ƙara mita 17 da take ci a daƙiƙa ɗayar da ido ke gani kafin ƙafa ta kai ga birki, kun ga an doshi tsawon filin ƙwallo. Kuma ku lura gudun sau kansa ake yi, don haka wanda ya ninka gudu biyu ya ninka nisan tsayawarsa huɗu.

Sai maganar kwana, inda aka fi samun matsala. A 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa abin da ke tafiya zai ci gaba a miƙe matuƙar wani ƙarfi bai karkatar da shi ba. Ke nan mota ba ta son shan kwana. Gogayya ce ke tilasta mata. To amma riƙon nan kwano ɗaya ne na tuwo, mutum uku ke ci: birki, totur da sitiyari. A busasshiyar kwalta kwanon cike yake, kowa ya ƙoshi. A kan laka kuwa 'yar loma ce a gindin kwano. Idan totur ya wawure ta, sitiyari sai ya kwana da yunwa.

Ƙwacewar iri biyu ce. Mota irin Golf ɗin da ke jigila tsakanin Funtua da Bakori da nan, tayoyin gaba ne ke janta. Idan suka saki, direba na murza sitiyari amma hancin motar na tafiya gaba abinsa. Motocin tsere da yawa kuwa tayoyin baya ke tura su, haka Fijo 504 da a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, haka akori-kura. Su bayansu ne ke zillewa gefe.

A damina ta bara na ga wannan da idona. Wata akori-kura ta sauke buhunan taki a gona, ta juyo wayam. Da tana da kaya, nauyin na danne tayoyin baya suna kama ƙasa. Yanzu bayanta ba nauyi, ga injin da ƙarfi. Direban ya zo wata 'yar kwana mai jar laka, ya ba ta wuta don kada ta kafe. Tayoyin baya suka yi ta wulwulawa suna feshin taɓo, bayan ya zame hagu a hankali kamar ana jan sa da igiya. Ya danna birki har ƙasa. Motar ta juyo tana kallon inda ta fito, tayar gaba ta daki bakin kwalbati. Ba wanda ya ji ciwo, sai yaron motar da ya fito yana salati, hularsa a cikin ruwa. Ba abin da ya raba direban da mai motar tseren nan sai tsadar mota.

Kuskurensa biyu ne: wutar da ya bayar, da birkin da ya danna. Tayar da ke juyawa ta fi tayar da ta ƙulle tana jan ƙasa riƙo, kuma ƙullalliyar taya ba ta jin sitiyari ko kaɗan. Abin yi shi ne a sassauta totur a hankali, a kafa ido inda ake son zuwa, a karkata sitiyari ɓangaren da bayan ya zame, da zarar ta fara miƙewa a maido shi. Saboda matsalar ƙullewar taya ce kamfanonin Bosch da Mercedes suka fito da birkin ABS a 1978, wanda ke kamawa yana saki sau da yawa a daƙiƙa. Mai irin wannan mota ya danna ya riƙe, kada karkarwar feda ta tsorata shi. Abin takaici, motocin Kwatano da yawa fitilar ABS ɗinsu a kunne take tun ranar da aka saye su, alamar ya daina aiki, kuma ba mai kula.

Kwalta ma ba a shaidarta. Ruwan farkon damina yana dama ƙurar rani da man da motoci suka ɗiga, titi ya koma kamar miyar kuɓewa. Zanen da ke jikin taya hanyoyin ruwa ne. Idan ya suɗe, ruwa ya rasa mafita, sai tayar ta hau kansa ta rabu da kwalta. A ƙasashe da yawa doka ta hana hawa tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba.

Yanzu gyaran motar da ta yi karo. Ku kalli wayar ƙarfen nan a hannuna. Na ɗan lanƙwasa ta, na saki, ta koma. Na lanƙwasa da ƙarfi, ta zauna a haka. Ƙarfe yana da iyaka, in an wuce ta ba ya komawa da kansa. Bari in yi ta kai ta ina kawowa. Kun ji wurin ya yi zafi? Ga shi ta karye. Duk lanƙwasa da miƙarwa na rage wa ƙarfe ƙwari.

Shi ya sa gyara yake hawa biyu. Lotsewar ƙofa ko modigad aikin mai fanal-bita ne: ya buga daga ciki da guduma, ya goge, ya shafa fila, ya yi fenti. Fentin ba ado kaɗai ba ne, shi ke hana ruwa da iska haɗuwa da ƙarfe su haifi tsatsa. Ɓarnar da ta fi haɗari tana ƙarƙashi, inda mai mota ba ya leƙawa: tayarod, bol-joyin, lowa-am da rim. Mai akori-kurar nan ya kashe kuɗinsa a fenti, tayarod kuwa aka gasa ta da wuta aka miƙe. Bayan wata biyu tayar gaba ta cinye ta gefe ɗaya, motar na ja dama ko ya saki sitiyari. Ni a ganina, duk ƙarfen da ke riƙe taya ko juya ta, in ya lanƙwashe, canza shi ake yi, sannan a kai mota a yi mata alaimen. Haka kuma gaban motocin zamani da gangan aka yi shi ya murƙushe don ya shanye ƙarfin karo kafin ya kai ga mutane, dabarar da Mercedes ta fara sa wa motocinta a 1959. Wanda aka taɓa miƙewa ba zai shanye kamar na fari ba.

Aikin gida: kowa ya je wurin mai faci, ya nemi izini ya duba taya uku. A gefen kowace akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 3519 na nufin mako na 35 na 2019. Ku rubuto shekarun kowace, ku auna zurfin zanenta da tsinken ashana da rula, sannan ku lissafa mini nisan tsayawa a gudun kilomita 80 a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Ranar Litinin zan karɓa.