Kacici-kacici a Bakin Masoya Tsofaffin Finafinai

Kacici-kacici reshe ne na adabin baka, inda ake sakaya sunan abu a kawo siffarsa. Na tarar da wannan salo a hirar masoya tsofaffin finafinan Indiya.

Wani dattijo ya jefo mini: "Uwa ta harbe ɗan cikinta don kare mutuncin 'yar mutane." Na kasa, na ba shi gari. Ashe Mother India ne, na 1957. Da ya ce, "Maigida ba hannu, ya ɗauko ɓarayi biyu su kamo masa ɗan fashi," sai na cafke: Sholay, 1975.

'Yan'uwa ɗalibai, a lura: ba a ambaci suna ba, kuma jimla ɗaya ta ɗauke ƙashin bayan labari. Duk mai son ƙwarewa a taƙaita zance, ga makaranta nan.