In'ina a Girma: Atisaye a Gida ko Zuwa Asibiti?

Malamin makaranta ne da harshensa ke sarƙewa a kan "b" in ya tsaya gaban allo, ko ɗan kasuwa da ke gudun ɗaga waya. Da yawa irinsu kan koma kallon bidiyo a YouTube, su yi ta gwaji su kaɗai.

Ga mai in'ina tun yarinta, atisayen gida na da amfani. Ya riƙa karatu a bayyane minti 10 kullum, yana sassauta sauri, ya naɗi muryarsa a waya ya saurara. In watanni sun shuɗe ba canji, ko tsoron magana ya fara taɓa sana'arsa, sai ya nemi ƙwararren mai gyaran magana. Sarki George na 6 na Ingila ma haka ya yi, ya je wajen mai gyaran magana Lionel Logue a 1926, tun kafin ya hau karaga.

Amma wanda maganarsa ta rikice farat ɗaya, baki ya karkace, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A garzaya da shi asibiti nan take. Dishewar murya da ta wuce mako 3 kuma, a kai wa likitan kunne, hanci da maƙogwaro.