Ladubban Yi wa Sabon Marubuci Gyara a Wikipedia ta Hausa: Misalai daga Talata Mafara da Bakura da Maradun

1.0 Gabatarwa

Wikipedia wani kundin sani ne da ke bisa intanet, wanda Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa ranar 15 ga Janairu, 2001, kuma a yau ana rubuta shi cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa. Abin da ya bambanta shi da kundayen da aka saba gani a ɗakunan karatu shi ne, duk mai sha'awa yana iya rubuta maƙala a cikinsa, kuma duk mai sha'awa yana iya gyara ta wani. Kowace maƙala tana da shafin tarihi inda ake ajiye dukan sauye-sauyen da aka yi mata, da kuma shafin tattaunawa inda marubuta ke musayar ra'ayi a kanta. Tun da yake babu hukumar da ke tantance marubuci kafin ya fara, horonsa ya rataya ne a wuyan waɗanda suka riga shi. Manufar wannan maƙala ita ce nazarin yadda ya kamata tsohon hannu ya yi wa sabon shiga gyara, ta yadda rubutu zai inganta, mai rubutun kuma ya zauna. An ɗauko misalai daga ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun na Jihar Zamfara.

2.0 Haɗarin Tsanani da Haɗarin Shiru

Akwai hanyoyi biyu da ake yin hasara a wannan fage. Ta farko ita ce tsanani. A Wikipedia ta Ingilishi yawan marubuta ya kai ƙololuwa a shekarar 2007, daga nan ya soma raguwa. Wani nazari da Aaron Halfaker da abokan aikinsa suka buga a 2013 ya nuna cewa sababbin da suka zo da kyakkyawar niyya, amma aka soke rubutunsu na farko, ba su cika daɗewa ba. Da yawansu saƙon farko da suka samu gargaɗi ne shiryayye wanda aka aika da taimakon na'ura. Irin wannan damuwa ce ta sa a 2012 aka buɗe wani zaure mai suna Teahouse, domin sababbi su yi tambaya ba tare da fargaba ba.

Hanya ta biyu ita ce shiru. A watan Agusta na 2020 aka gano cewa wani matashi ɗan Amurka ya rubuta maƙaloli fiye da 20,000 a Wikipedia ta harshen Scots, ɗaya daga harsunan Sikotilan, alhali kuwa bai iya harshen ba. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma ya shekara wajen bakwai yana yi ba tare da masu harshen sun tsaya sun ɗora shi a hanya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Waɗannan darussa biyu sun fi nauyi a kan Hausa. Abin da aka rubuta game da garuruwa irin su Bakura da Maradun bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da abin da ke cikin ƙwaƙwalen mutanensu. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, wanda ya san sunayen unguwanni da sarautu da fadamun ƙasarsu, yana ɗauke da abin da marubucin Kano ko na Abuja ba shi da shi. In aka kore shi, an yi hasarar saninsa. In kuma aka bar shi kara zube, kurakuransa su ne za su zama abin da duniya za ta karanta a matsayin Hausa.

3.0 Ire-iren Kurakurai da Maganinsu

3.1 Rashin Madogara

Ƙa'idar kundin ita ce, duk abin da aka rubuta ya kasance mai karatu zai iya bin sawunsa zuwa wata madogara da aka buga. Wannan ƙa'ida ita ce ta fi ɗaure wa sabon shiga kai, domin ya tashi cikin al'ummar da ke riƙe tarihi a ka. Alal misali, ɗan ƙasar Maradun zai iya rubuta maƙala a kan makaɗa Sa'idu Faru, wanda ake yi wa laƙabi da Malamin Waƙa, ya cika ta da abin da ya ji daga dattawa. Share irin wannan rubutu gaba ɗaya tamkar ƙaryata dattawan ne a idonsa. Abin da ya dace shi ne a bayyana masa cewa ba a tuhumar gaskiyarsa, sai dai mai karatu na Yamai ko na Kumasi ba shi da hanyar tabbatarwa. Sa'an nan a nuna masa inda zai nema, kamar littafin Sa'idu Muhammad Gusau mai suna Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Abin da aka samo masa madogara ya zauna, sauran kuwa a mai da shi shafin tattaunawa har a samo.

3.2 Karkata ga Ɓangare

Garuruwan nan uku kowane ya fitar da gwamnan Zamfara: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Sabon marubuci yakan shigo da salon kirari idan yana ƙaunar mutum, ko salon zambo idan ba ya yi. Mai gyara zai nuna masa kalmomin da suka yanke hukunci, irin su "gwarzo" ko "azzalumi", ya roƙe shi ya maye gurbinsu da aikin da aka yi da shekarar da aka yi shi.

Misalin da ya fi wannan nauyi shi ne na madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala a 1978. Aikin ya raba dubban manoma da gidajensu da gonakinsu, kuma rikicin diyya ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilu na 1980. Adadin mamatan da gwamnati ta bayar bai kai talatin ba, amma wasu masu bincike sun ambaci ɗaruruwa. Jikan wanda abin ya shafa zai rubuta da zafin rai, kuma yana da dalilinsa. Wajibin mai gyara ne ya girmama wannan zafi, ya kuma koya masa jingina kowane adadi ga mai shi: ga abin da gwamnati ta ce, ga abin da masu bincike suka ce. Nazarin Björn Beckman na 1985 da na W. M. Adams na 1988 madogarai ne da za a iya nuna masa. Maƙalar da aka gina haka ta fi wuyar rusawa, watau ta fi kare tarihin da marubucin yake son karewa.

3.3 Rikita Zamani

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ne ranar 1 ga Oktoba, 1996, daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Saboda haka wanda ya rubuta cewa gwamnatin Zamfara ce ta tura 'yan sanda Bakolori ya yi kure, domin a 1980 yankin yana ƙarƙashin Gwamna Shehu Kangiwa na Sakkwato, a zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari. Irin wannan kure ba ya bukatar dogon wa'azi. A gyara shi nan take, a rubuta dalili a gurbin taƙaita gyara, domin marubucin ya gani ya ƙaru.

3.4 Fassarar Na'ura

Sababbi da yawa sukan ɗauko maƙalar Ingilishi su ba na'ura ta fassara, su liƙa ba tare da sun sake karantawa ba. Sarautu da sunayen wurare su suka fi shan wahala a nan. Marigayi Muhammadu Macciɗo ya riƙe sarautar Sarkin Kudu, ya kuma yi hakimcin Talata Mafara tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Na'urar da ba ta san tsarin sarautun Sakkwato ba tana iya ɗaukar laƙabin a matsayin bayanin jiha, ta ɓata ma'ana. Shawarar da ta fi amfani ga mai irin wannan aiki ita ce ya karanta jimlolinsa da babbar murya, ya tambayi kansa ko dattijo a kasuwar Mafara zai gane abin da ake nufi. Jimlar da ta kāsa wannan gwaji sai a sake gina ta.

3.5 Ƙa'idojin Rubutu da Karin Harshe

Barin lanƙwasar baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ yana sauya ma'ana, kamar yadda ake gani tsakanin baki da baƙi, ko kare da ƙare. Sau da yawa laifin na waya ne wadda ba a saita mata baƙaƙen Hausa ba, don haka nuna wa mutum yadda zai saita ta ya fi tsawata masa. Batun karin harshe kuwa yana son taka-tsantsan. Bazamfare zai rubuta "sunka tahi" inda daidaitacciyar Hausa ke da "suka tafi", ko "hwari" a maimakon "fari". Wannan Hausa ce ingantacciya, da ita manyan makaɗan fada na yankin suka yi waƙoƙinsu. Abin da za a gaya masa shi ne, kundin ya bi daidaitacciyar Hausa, wadda aka tsara ƙa'idojin rubutunta a tarurruka irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, domin mai karatu na ko'ina ya bi rubutun cikin sauƙi. Wanda ya ce masa bai iya Hausa ba ya yi kure biyu, na ilmi da na ladabi.

4.0 Tsarin Saƙon Gyara

Malamin makarantar allo ba ya wanke wa almajiri allo don ya ga kure a layi ɗaya. Yakan ɗora yatsa a kan wurin, ya biya masa, ya bar shi ya gyara da hannunsa. Bisa wannan misali, saƙon gyara yana bukatar abubuwa huɗu. Na ɗaya, sallama da ambaton takamaiman abin da marubucin ya yi daidai. Na biyu, zaɓen kure ɗaya ko biyu mafiya nauyi, domin wanda aka jera wa goma ba zai gyara ko ɗaya ba. Na uku, bayyana dalilin ƙa'ida da kalmomin yau da kullum. Na huɗu, nuna mataki na gaba da barin ƙofar tambaya a buɗe. Ga misalin irin wannan saƙo:

"Assalamu alaikum Malam. Sannu da ƙoƙari a kan maƙalar Bakolori, musamman bayanin ƙauyukan da aka tayar, wanda da ma babu shi. Adadin mamatan da ka kawo yana bukatar a faɗi wanda ya bayar da shi, domin akwai saɓani tsakanin na gwamnati da na masu bincike. In ka duba rubutun Beckman na 1985 za ka sami abin jingina. An bar sakin layin yadda yake har ka dawo. Allah ya ƙara basira."

Ya kamata a tuna cewa rubutu ba shi da murmushi. Kalmar da za ta wuce a zaure idan an haɗa ta da fara'a tana iya zama mari a shafin tattaunawa, inda kowa ke gani kuma ba ta gogewa daga tarihi.

5.0 Inda Jinkiri Bai Dace Ba

Sassauci yana da iyaka. Abubuwa biyu ana cire su nan take. Na farko shi ne zargi marar madogara a kan mutumin da ke raye, kamar danganta wani basarake ko ɗan siyasa da 'yan bindigar da suka addabi Zamfara ba tare da hujjar da aka buga ba, domin irin wannan yana iya jawo ɓata suna, har ma da hasarar rai. Na biyu shi ne kwafo rubutun wani daga littafi ko jarida, wanda ya saɓa wa haƙƙin mallaka. Ko a nan ma, bayan an cire, wajibi ne a je shafin marubucin a bayyana masa dalili. Gaggawar ta shafi rubutun ne kawai, mutumin kuwa yana nan da haƙƙinsa na a yi masa bayani.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kurakuran sabon marubuci ba nauyinsu ɗaya ba: akwai wanda ake gyarawa nan take da ɗan bayani, akwai wanda ake jira mai shi ya gyara da kansa, akwai kuma wanda ake cirewa ba tare da jinkiri ba. Sassan koyar da Hausa na jami'o'i suna da abin bayarwa a nan, domin ƙa'idojin rubutu da nazarin karin harshe da hanyoyin bincike su ne darussansu na kullum. Daɗin daɗawa, ɗakunan karatunsu cike suke da kundayen bincike a kan garuruwan Zamfara waɗanda ba a buga ba. Buga irin waɗannan ayyuka a mujallu zai samar wa ɗan Bakura ko ɗan Maradun madogarar da ake tambayarsa, ya kuma sauƙaƙa wa mai gyara aikinsa, tun da zai sami abin da zai nuna a maimakon abin da zai share.