Hoton fasfo na ɗalibai: a ina ya kamata ya kwana?

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda ta fara zama a Kalgo, yankin nan bai rasa matasa masu iya rubuta manhaja ba. Su ne ke haɗa wa makarantun kuɗi da Islamiyyu shafin rajista, daga Kalgo har Gwandu, kuma aikinsu abin yabo ne. Abin da ke damuna shi ne inda suke zuba hotunan yara.

Galibi hoton na faɗawa cikin public_html, da suna irin 041.jpg. Ita wannan folda ƙofar gida ce, duk mai wucewa yana ganin abin da aka ajiye a wurin. Wanda ya samu adireshin hoto ɗaya, sai ya mai da 041 ya zama 042, ga fuskar 'yar wani ta fito, ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba.

Malam mai rubuta manhaja, ka buɗe wata folda a wajen public_html, inda burauza ba ta kai wa, ka kwashe hotunan can. Sannan ka rubuta ɗan fayil na PHP wanda shi kaɗai zai riƙa miƙo su da readfile.

A nan ne da yawa suke tuntuɓe, suna zaton an gama. Tilas fayil ɗin ya tabbatar mai nema ya shiga da kalmar sirrinsa, sannan ya duba ko yana da hurumin ganin wannan hoton musamman. Uba ya ga na ɗansa, malamin aji ya ga na ajinsa. Kuma kada ka kuskura ka karɓi sunan fayil daga hannun baƙo, domin da 'yan alamomin ../ zai iya hawa sama ya karanto fayil ɗin da ke riƙe da mabuɗin rumbun bayananka. Lamba kawai za ka karɓa, rumbun ya ba ka ainihin sunan.

Wajen ɗora hoto ma a yi hattara. Ka bincika cikinsa da finfo, tunda kowa na iya liƙa .jpg a kan mugun fayil, ka kuma raɗa masa sabon suna mai wuyar cinka. In yara sun yi yawa har shafin ya fara jan ƙafa, X-Accel-Redirect na Nginx zai ɗauke wa PHP nauyin turawa.

Shugabannin makarantu su sani cewa Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Don haka kafin ku biya cikon kuɗin aiki, ku kwafi adireshin hoto ɗaya, ku buɗe shi a wayar da ba ta taɓa shiga shafin ba. In hoton ya fito, a mai da aikin gyara.